Yayin Sutura A Kafancan Da Shirun Tarurrukan Masana

Da wuya wata ya kama ya mutu a ƙasar nan ba a yi taron ƙara wa juna ilmi a wata jami'a ko wata kwaleji ba. Shehunnan malamai da na ƙasa da su sukan taru daga kusa da nesa, a yi kwana biyu ko uku ana karanta takardu ana tafka muhawara, daga bisani a tara abin da aka karanta a buga shi littafi. Wannan al'ada ce mai kyau, kuma da yawa daga abin da aka sani na tarihin Arewa da harsunanta ta wannan hanya aka same shi. Amma mutumin da ya zauna a gari irin Kafancan, ya ga yawan lokaci da dukiya da tunanin da jama'a ke kashewa a kan abin da za su sa a jikinsu, in ya ɗauki jerin takardun irin waɗannan tarurruka ya duba, zai yi mamakin yadda zancen yayin sutura ya yi ƙaranci a cikinsu, sai ka ce abu ne da bai shafi kowa ba.

Ya kamata tun da fari a bayyana abin da ake nufi. Maganar ta wuce ta tufa kaɗai, ta kai ga hanyar da labarin yayi ke bi har ya isa ga mutane, watau wa ya fara ɗinka salon, wa ya ɗauki hotonsa, wa ya baje shi ga jama'a, wa ya kwaikwaya, wa ya ci riba, wa kuma aka ci da guminsa. Wannan watsa labarin yayi a yau sana'a ce mai zaman kanta, tana ciyar da masu ɗaukar hoto, da masu yi wa amare kwalliya, da masu ɗaura gwaggwaro, da 'yan matan da ke tallar atamfa da leshi ta wayar hannu. Tambayar ita ce, ina masana suka tsaya game da wannan sha'ani?

Yabon gwani ya zama dole. Masana ba su yi sakaci da tarihin tufafin Arewa ba. Tun a 1851, da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Kano, ya rubuta bayani a kan saƙa da rini da fataucin tufa na birnin. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya kammala babban bincikensa a 1975 a kan yadda ƙasar Kano ta riƙa rina tufafi tana fitar da su zuwa ƙasashe masu nisa a ƙarni na 19. David Heathcote na Jami'ar Ahmadu Bello ya bi maɗinka riguna da huluna ya tattara zane-zanensu, ya shirya nunin fasahar Hausawa a London a 1976, ya kuma kammala bincikensa a kan ɗinkin riguna a 1979. Colleen Kriger ta fitar da littafi a 2006 a kan tufa a tarihin Afirka ta Yamma. Elisha Renne ta rubuta littafi a 2018 a kan hijabi da rawani, ta sake rubuta wani a 2020 a kan halin da iyalan ma'aikatan masaƙar Kaduna suka shiga bayan an rufe ta. Wannan masaƙa an buɗe ta a 1957, aka rufe ta a 2002, kuma da yawa daga waɗanda suka yi aiki a masaƙun Kakuri 'yan kudancin Kaduna ne da Filato da Binuwai.

A kudancin Kaduna kuwa, wani ado mai daɗaɗɗen tarihi a wannan yanki na Afirka a nan aka tono shi. A 1928 masu haƙar kuza suka ci karo da wani gunkin yumɓu kusa da ƙauyen Nok a ƙasar Ham, waɗanda Hausawa ke kira Jaba. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan yumɓu a Jos, wanda aka samo a wajen Jama'a, daga nan binciken ya kankama. Tun daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta birnin Frankfurt a Jamus suka yi shekaru suna tono a yankin tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, har suka yi nunin abin da suka samu a Frankfurt a 2013. Duk wanda ya kalli waɗannan gumaka zai ga kitso iri-iri, da tulin duwatsun wuya, da awarwaro, da jigida, da huluna. An yi taro a kansu a ƙasashe da dama, an rubuta takardu ba iyaka. Saboda haka a yau masani na iya bayyana irin kitson da ake yi a ƙasar Nok fiye da shekara 2,500 da suka wuce, amma da wuya ya iya faɗin salon ɗinkin da ya ci kasuwa a Kwoi shekara goma baya, ko ta wace hanya ya shigo garin.

Idan aka lura da kyau, za a ga waɗannan ayyuka duk sun yi tarayya a abu ɗaya. Ko dai abin da ake nazari ya tsufa ya shige tarihi, ko na fada ne da manyan birane, ko kuwa babbar masana'anta ce da ta durƙushe. Rigar da aka yi wa aska takwas ta samu masu nazari, marinar Ƙofar Mata ta samu, gunkin Nok ya samu. Siket da rigar da wata tela ta ɗinka a bayan tashar Kafancan makon jiya, waɗanda hotonsu ya riga ya kai Kaduna da Abuja, su ba su samu ba. Tamkar dai sai tufa ta mutu sannan ake buɗe mata ƙofar zauren taro.

Alhali kuwa Kafancan gari ne da ya dace ƙwarai a yi irin wannan nazari a cikinsa, domin asalinsa mahaɗa ce. Wajen 1927 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta biyo ta Inugu da Makurɗi ta rabu biyu a nan, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Ma'aikatan jirgi Ibo da Yarabawa suka zo da matansu da irin ɗaurin zaninsu, fatake Hausawa suka kafa rumfunan yadi, mutanen ƙasa, Fantswam da Bajju da Agworok da Atyap da sauransu, suka riƙa shigowa cin kasuwa. 'Yan mishan da suka sauka Kwoi a 1910, daga baya suka kafa tasha a Kagoro, su ma sun kawo nasu, watau kayan makaranta da shigar zuwa coci da koyar da ɗinki. A wancan zamani jirgin ƙasa shi ne jaridar yayi. Matar da ta sauka daga jirgin Legas da sabon ɗinki, kafin ta kai masauki idanu sun gama haddace shi.

Bayan jirgi sai mai hoto. Shagon ɗaukar hoto ya zama wurin da ake ajiye shaidar sabuwar tufa, ranar salla ko ranar Kirsimeti a yi layi a ƙofarsa. Mujallar Drum, wadda ta yi tashe a Nijeriya tun shekarun 1950, ta riƙa kawo hotunan shigar mutanen Legas. Daga baya aka samu manyan kalandun nan masu cike da hotunan ɗinki, waɗanda kowane tela ke liƙawa a bangon shagonsa, mace ta zo ta ɗora yatsa a kan wanda take so. A 1996 mujallar Ovation ta fito da hotunan bukukuwan masu hali, a 1999 mujallar Fim ta fara kawo hotunan 'yan wasan Hausa, finafinan Kano da na kudu kuma suka shiga ɗakunan mata da nasu salon. Da wayar salula ta shigo a 2001, aka kuma samu wayoyi masu ɗaukar hoto bayan 'yan shekaru, sai duk waɗannan hanyoyi suka tattaru a tafin hannu ɗaya. Yau kalandar bango ta koma ado, aikinta ya koma hannun WhatsApp da Instagram da TikTok.

Alal misali a ɗauki tela mace a Kafancan cikin watan Nuwamba. Mai kawo ɗinki ba ta zuwa da bayanin baki, waya take miƙawa ta ce ga irin wanda take so. Hoton wataƙila na wata amarya ce a Legas, an ɗauke shi da fitilu masu ƙarfi, an gyara shi da na'ura, an ɗame rigar da allurai ta baya inda ido ba ya gani, yadin kuma ya ninka kuɗin wanda aka kawo sau da yawa. Tilas telar ta karanci hoton kamar yadda malami ke karanta tsohon rubutu, ta gane inda aka yanka da inda aka tattare, ta kuma san abin da za ta rage ko ta ƙara domin rigar ta shiga coci ko gidan surukai ba tare da an yi tsegumi ba. In ta gama, ita ma sai ta ɗauki hoton aikinta ta sa a waya, gobe wata a Zonkwa ko Kaciya ta gani ta kwaikwaya. Cikin mako guda salon ya ratsa ƙananan hukumomi uku ko huɗu, an sāke masa kama a kowane zango, sunan wadda ta fara gyara shi kuwa ya ɓace a hanya. Akwai ilmi mai yawa a cikin wannan aiki, amma ba a rubuta shi a ko'ina ba.

Shekarar tela a wannan yanki tana da nata lissafi. Akwai Kirsimeti da sabuwar shekara, akwai ƙaramar salla da babba, akwai bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, da bikin Tuk-Ham na Kwoi a wajen Ista. Akwai zannuwan da ƙungiyoyin Zumuntar Mata na coci-coci ke ɗaurawa iri ɗaya, akwai ankon biki da na jana'iza. Kuɗin da ke shiga shagon tela a ƙasar Ham da Kaciya da Kagarko da yawansa daga gonar citta yake fitowa, saboda haka cutar da ta lalata citta a 2023 ba manomi kaɗai ta taɓa ba. Wanda ke son ya auna arzikin talakan wannan yanki, zai iya farawa da tambayar tela ko ɗinki nawa aka kawo bana, nawa aka karɓa, nawa ke rataye har yanzu ba a biya ba.

Akwai wani al'amari da ya fi wannan nauyi. A cikin 'yan shekarun nan ƙabilu da dama na kudancin Kaduna sun ɗauki saƙaƙƙen ƙyalle mai ratsi-ratsi, kowace da launukanta, ya zama alamarta a bukukuwa da ɗaurin aure, kamar yadda aka san Tibi da baƙi da fari, Idoma da ja da baƙi. Matasa na ɗinka shi riguna da huluna da jakunkuna, ango da amarya na ɗaukar hoto da shi kafin biki, 'yan ƙabilar da ke zaune a Legas ko Ingila na aikowa a saya musu. Hotunan waya su ne suka yaɗa wannan shiga har ta zauna da gindinta. To, wa ya zaɓi launukan? A wane zama aka amince da su? Ina ake saƙa ƙyallen, su wa ke saƙa shi, da wane zare? Mene ne alaƙarsa da abin da kakanni suka sa? Dattawan da suka san amsa suna nan da ransu, amma kullum raguwa suke yi. In ba a tambaye su yanzu ba, nan da shekara hamsin za a ce haka aka gada tun fil azal, tarihin yadda al'umma ta zauna ta zaɓar wa kanta kama kuwa ya salwanta.

Dalilin da ya sa wannan ya zama abin damuwa shi ne, an taɓa rubuta tarihin suturar mutanen wannan yanki, amma baƙo ne ya rubuta, kuma da raini ya rubuta. Wani jami'in mulkin mallaka mai suna A. J. N. Tremearne, wanda ya yi aiki a Jama'a, ya fitar da littafi a 1912 a kan mutanen Kagoro da maƙwabtansu. Sunan littafin kansa zagi ne, domin ya kira su masu wutsiya masu farautar kawuna. Abin da ya kira wutsiya ba kome ba ne illa wani ado da matan aure ke ɗaurawa a ƙugu ta baya. Wannan suna ya shiga ɗakunan karatu na duniya, ya daɗe yana bin mutanen da ba a nemi jin ta bakinsu ba. Yau jikokin waɗannan mata su ke riƙe da abin ɗaukar hoto, su ke zaɓen yadda za su fito a idon duniya. Wannan babban sauyi ne a tarihin yankin, kuma a gaban idon masanan ƙasa yake faruwa. In suka bar shi ya wuce, wata rana wani baƙon zai sake zuwa ya rubuta shi yadda ya ga dama.

Ba a ce tarurrukan ba sa taɓa zancen sam ba. Suna taɓawa, amma galibi ta ƙofa uku. Ta farko ita ce ƙofar tsawatarwa, inda ake karanta takarda a kan shigar banza a tsakanin ɗalibai mata, a ɗora wa waya da finafinai laifi, a nemi hukumar makaranta ta kafa doka. Ta biyu ita ce ƙofar sana'a, inda malaman tattalin gida ke bayyana cewa ɗinki maganin zaman banza ne, ya kamata gwamnati ta raba kekuna. Ta uku ita ce ƙofar ƙidaya, inda ake raba wa ɗalibai takardar tambayoyi a ji ko waya na sauya musu ra'ayi game da sutura, a fitar da kashi kaza cikin ɗari. Kowace ƙofa tana da amfaninta, kuma damuwar iyaye game da tarbiyya damuwa ce ta gaskiya. Sai dai a dukkansu ukun, ba a shiga shagon tela an zauna ba, ba a bi hoto ɗaya an ga inda ya fito da inda ya tafi ba. An yanke wa abu hukunci tun ba a gama kallonsa ba.

Ga kudancin Kaduna kuma akwai ƙarin wata matsala. Tun rikicin Kafancan na watan Maris 1987, da na Zangon Katab a 1992, da na bayan zaɓen 2011, sunan yankin ya zama kusan ba ya fitowa a takardun masana sai tare da kalmar rikici. Ba laifi ba ne a yi nazarin abin da ya ci rayuka, wajibi ne ma. Amma mutanen da kullum ake ba da labarin mutuwarsu ba a ba da na rayuwarsu, su ma an tauye su.

Me ya jawo wannan gibi? Na farko, zancen yayi ba shi da gida a jami'a. Mai koyar da aikin jarida na ganin na sashen tattalin gida ne, na tattalin gida na ganin hoto da talla na 'yan jarida ne, masanin tarihi na jira abin ya tsufa, mai nazarin Hausa kuma, wanda tun 1978 ake shirya masa manyan tarurruka a Jami'ar Bayero a kan harshe da adabi da al'ada, ya fi sabawa da tufafin gargajiya da sunayensu. Na biyu, akwai raini, domin ana ɗaukar abin a matsayin hirar mata da aikin waɗanda ba su yi nisa a boko ba. Na uku, tafiyar ba ɗaya ba ce. Daga ranar da aka yi shelar taro zuwa ranar da littafinsa zai fito ana iya cin shekara biyu, salon ɗinki kuwa wani lokaci ko wata shida ba ya kaiwa. Na huɗu, malami na zuwa taro ne da neman ƙarin girma a ransa, takardar da za a gama cikin mako biyu da tambayoyin da aka raba a aji ta fi masa sauƙi a kan zaman wata shida a kasuwa. Na biyar, da Turanci ake taron, da kuɗin rajista ake shiga, a babban birni ake yi. Waɗanda suka fi kowa sanin zancen ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan mabuɗai, alhali waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Abin ba gagara ya yi ba, domin an taɓa yin irinsa. Lokacin da finafinan Hausa suka fito, da yawa daga malamai sun ɗauke su shirme. Amma a watan Agusta 2003 aka kira babban taro a Kano a kansu, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Umar Faruk Jibril suka tattara takardun suka fitar da littafi a 2004. Masu shirya fim da marubuta sun zauna tare da malaman jami'a, an yi yabo an yi suka, kuma har yau duk mai son sanin farkon wannan sana'a sai ya koma ga wannan aiki. A wasu wuraren ma an yi gaba. Tun 1997 ake buga mujallar masana ta musamman a kan nazarin yayi mai suna Fashion Theory. A 2021 Okechukwu Nwafor ya fitar da littafi a kan anko a Legas, ya nuna yadda masu hoto da ƙananan mujallun ɗinki ke yaɗa salo. A Nijar, Alphadi ya fara bikin baje kolin suturar Afirka a 1998 cikin hamada kusa da Agadas. A Legas an fara makon baje kolin sutura a 2011, a 2022 kuma gidan tarihi na Victoria da Albert a London ya yi babban nuni a kan yayin Afirka. Sai dai duk waɗannan idonsu na kan manyan birane da maɗinkan da suka yi suna. Garuruwa irin su Kafancan, inda akasarin jama'a ke kai ɗinkinsu, har yanzu suna bayan fage.

Wani zai ce, yankin da ke fama da rashin tsaro da tsadar abinci, ina shi ina zancen kwalliya? Amsar tana cikin kasuwa. Mai sayar da yadin sau da yawa Bahaushe ne da ya saro daga Kantin Kwari a Kano, telar 'yar Bajju ce ko Atyap, mai sayar da zare da maɓalli Ibo ne, amaryar da za a yi wa ɗinkin kuwa tana iya zama Musulma ko Kirista. Bashi na shiga tsakaninsu, amana na shiga, kuma bayan kowace tarzoma irin waɗannan hulɗoɗi na cikin na farko da ke komawa. Mai nazarin zaman lafiya da bai san wannan ba, ya bar rabin darasinsa a baya. Haka kuma mai tsara tattalin arziki. A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da yadi samun kuɗin waje daga hannunsa, a 2023 aka janye irin wannan hani. Irin wannan shawara a Abuja ake yanke ta, amma a kan teburin tela take sauka. Tun da manyan masaƙun Kaduna suka tsaya, yawancin atamfar da ke kasuwa daga waje take zuwa, musamman daga Sin, kuma hoton da ke yawo a waya shi ke gaya wa ɗan kasuwa irin zanen da zai yi oda. Wanda bai fahimci tafiyar hoton ba, ba zai fahimci tafiyar kuɗin ba.

Bugu da ƙari, shaidar wannan zamani ba ta da ƙarko. Yumɓun Nok ya kwana dubban shekaru a ƙasa ya fito da kitsonsa. Hoton da mai shago ya wanke a 1970 yana nan a cikin akwatin wata tsohuwa, ko da ya dushe. Amma hoton waya, ranar da wayar ta faɗa ruwa, ko aka sace ta, ko ta cika aka share, shi ke nan. Kalandun teloli ma da aka daina yayinsu, an yage su an ƙunsa ƙosai. Babu zamanin da ya ɗauki hoton tufafinsa kamar wannan, kuma mai yiwuwa ne babu wanda zai bar wa na baya kaɗan kamarsa.

Gyaran ba ya bukatar dukiya mai yawa. Yankin na da Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, wadda asalinta ya koma 1977, da reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafancan, da sabuwar jami'ar tarayya da aka kafa a Kaciya a 2025. Ɗaya daga cikinsu na iya kiran taron yini biyu a kan sutura da hanyoyin watsa yayi, a yi shi da Hausa da Turanci, a bar mai son yin bayani da Jju ko Tyap ko Hyam ya yi a fassara. A gayyato teloli da masaƙa da masu hoto da shugabannin Zumuntar Mata da 'yan kasuwar yadi, a ba su kujera a kan dandamali, kada a mai da su 'yan rawar buɗe taro. Kada kuma a sa ranar a Disamba ko a jajibirin salla, lokacin da tela ko barci ba ya samu. A sa ta a tsakiyar damina, sa'ad da ɗinki ya ja baya. Malamai su tura ɗalibai shaguna su zauna su ga aiki, maimakon raba takardar tambayoyi a aji. A roƙi tsofaffin masu hoto da iyalai su ba da aron hotunansu a kwafa, a tara na waya su ma da izinin masu su, kowanne a rubuta shekararsa da garinsa da sunan salon da sunan wanda ya ɗinka, a ajiye kwafi a Gidan Arewa da ke Kaduna, inda aka saba adana takardun tarihi tun 1970.

Wannan na ƙarshe, rubuta sunan wanda ya ɗinka, shi ne mafi sauƙi kuma mafi muhimmanci. Ba a san sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙera gumakan Nok ba, kuma babu yadda za a yi a sani. Telolin Kafancan da Kwoi da Zonkwa kuwa suna nan a shagunansu, ƙofa a buɗe, ba su da nisa da makarantun da ake taron. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Allah ya sa masu shirya taro na gaba su tuna da su.